Patchouli mai ƙamshin ƙasa da mai ƙamshin itace: wanne ya dace da sanyin Jos?

Assalamu alaikum jama'a, yau patchouli za mu taɓa. Da yawa in sun ji sunan sai su ce ai turaren tsofaffi ne, alhali ƙila yana jikinsu yanzu haka, don yana cikin turaren Coco Mademoiselle, Angel na Mugler da ya fito a 1992 ma shi ne ƙashin bayansa.

Ganye ne fa, dangin daddoya da na'ana'a, yawanci a Indonesiya ake nomansa, a shanya ya bushe sannan a turara a tatso man. Kuma man yana ƙara daɗi in ya kwana biyu. A ƙarni na 19 ma busasshen ganyen ake cusawa cikin mayafan Indiya da ake kaiwa Turai don kar asu ya ci.

Toh ga inda aka rabu. Akwai mai ƙasa, irin Patchouli na Reminiscence na 1970 ko Patchouli Leaves na Montale, yana da danshi da nauyi kamar ƙasa in ruwan farko ya sauka, kuma wallahi wannan a sanyin Jos lokacin hunturu ba a magana, sanyin yana danne shi ya riƙa fita a hankali har dare, amma ka fesa shi da rana tsaka a Abuja cikin Maris ka shiga mota da mutane, za ka ga ana sauke gilashi.

Sai mai itace, busasshe. Borneo 1834 na Serge Lutens yana buɗewa da kafur sannan ƙamshin koko na cakulan mai ɗaci ya biyo. Coromandel na Chanel ya fi laushi, da ɗan zaƙi da lubban. Ni dai in mutum zai fara, Coromandel nake cewa, sai dai kuɗinsa ba wasa, gara ka nemi ɗan tsiyaye ka gwada tukuna.

In ka shiga shagon turare a Terminus na Jos kar ka yanke hukunci a feshin farko, farkonsa na da kaifi. Sa a wuyan hannu, je ka gama cefanenka, sannan ka shinshina. Hajiya, in kina haɗa humra ɗigo kaɗan ya isa, yana rinjayar sandal. Man nasa mai duhu kuma kar a sa a farar shadda, yana barin tabo.