Darasi: Bizar Yada Zango Ga Mai Fasfon Filifin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, tun safe aka ɗauke wuta.

Yau maganar fasfon ƙasar Filifin za mu yi. Na san wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da Filifin? To da ruwanmu. Akwai mutanensu da ke aiki a asibitoci da makarantu da masana'antu a nan Najeriya, kuma galibi mai wurin ne ke sayen tikitin hutunsu. Akwai yaranmu da suka je can karatun likitanci ko jinya suka dawo da mata. Akwai 'yan'uwanmu da ke aiki a Saudiyya da Ƙatar tare da su. Shekaranjiya ma wani Alhaji ya kira ni, ya ce malamar jinyar asibitinsa za ta gida, wane tikiti ne ba zai jawo mata matsala a hanya ba? Shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayani gaba ɗaya, musamman ga ƙannena da suka shigo sana'ar yankan tikiti.

Ku fara riƙe wannan. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya ya dire Manila kai tsaye. Dole a yada zango, ko Doha, ko Dubai, ko Istanbul, ko wani wuri. Mutane kuma kullum tambayarsu ɗaya ce: awa nawa zai yi a can? Wannan ba ita ce tambayar farko ba. Tambayar farko ita ce, zai tsallake kantar imigireshan ko ba zai tsallake ba?

Bari in zana muku. Ga filin jirgi. Ka sauka daga jirgi kana cikin wani ɓangare da ake ɗauka kamar ba ka shiga ƙasar ba tukuna. Akwai shaguna, akwai wurin salla, akwai kujerun kwana idan ka yi sa'a. Daga nan za ka bi alama ka je ƙofar jirginka na biyu, babu wanda zai buga maka hatimi a fasfo. Wannan shi ne zaman ciki. Idan kuwa ka bi ɗaya hanyar, ka miƙa fasfo aka buga hatimi, to ka shiga ƙasar mutane, ko da minti goma za ka yi.

Me ke tilasta mutum ya tsallake? Tikiti biyu. Wannan shi ne babban ramin da ake faɗawa. Ka ga arha a intanet, ka sayi Legas zuwa wani gari a kamfani ɗaya, ka sayi wancan garin zuwa Manila a wani kamfanin da ba su da yarjejeniya. Akwatin da aka auna a Legas a garin farko za a sauke shi. Ina ake ɗaukar akwati? Bayan imigireshan. Ka ga ke nan dole fasinja ya shiga ƙasar, ya ɗauki kayansa, ya sake zuwa a auna. Dala ɗari da ka ce ka rage wa mutum, ka saya masa buƙatar biza da ita. Idan tikiti ɗaya ne, lambar bukin ɗaya, a kantar farko za a liƙa wa akwati takarda mai ɗauke da MNL, wato Manila, fasinja ba zai sake ganinsa ba sai can. Ku riƙa gaya musu su duba wannan takardar da idonsu kafin akwatin ya wuce.

Sai canjin filin jirgi. A Landan ka sauka Heathrow, jirgi na biyu daga Gatwick. A Tokyo ka sauka Narita, na biyun daga Haneda. Ai ba ta sama za a ɗauke ka ba, mota ko jirgin ƙasa za ka shiga cikin gari. Wannan shiga ƙasa ne.

To mu bi hanyoyin. Masu sauƙin ba zan daɗe a kansu ba. Doha, Dubai, Istanbul: idan tikiti ɗaya ne kuma mutum yana ciki, babu maganar biza. Idan yana son fita ya ga Dubai, akwai bizar wucewa ta awa 48 da ta awa 96, ta hannun kamfanin jirgin ake nema kafin tafiya. A Asiya kuwa fasfon Filifin ya fi namu daraja nesa ba kusa ba, saboda suna cikin ASEAN, ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Singafo, Malesiya, Tailan, duk yana shiga ba biza. Hong Kong ma an ba su kwana 14. Saboda haka idan za ka yi wa ɗan Filifin tikiti biyu dole, to ka karya tafiyar a ɗaya daga cikin waɗannan.

Yanzu Turai. Nan zan ɗan zauna, don nan aka taɓa dafa ni.

Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, suna da wata biza da ake kira nau'in A. Ba ta shigar da kai ƙasa, izinin zama a cikin filin jirgi ne kawai. Akwai jerin ƙasashen da duk 'yan Shengen suka haɗu a kan sai sun nemi wannan biza: Najeriya na ciki, Ghana na ciki, Habasha, Fakistan, Bangaladash da wasu. Filifin ba ta ciki. To wata shekara, a watan Disamba, wani injiniya ɗan Filifin da ke aiki a wata masana'anta ya zo mini. Ku sani, Disamba a wurinsu kamar Babbar Salla ce a wurinmu, yawancinsu Katolika ne, kowa na son ya yi Kirsimeti a gida. Kujerun Doha da Dubai duk sun ƙare. Na tono, na tono, na samo masa hanya ta Faris. Na duba wancan jerin, ban ga Filifin ba, na yanka tikiti ina ta jin kaina gwani.

Ƙarfe tara na dare wayata ta yi ƙara. Mutumin yana tsaye a kanta a Legas, da akwatuna biyu cike da tsarabar yara, an ce ba za a ba shi katin shiga jirgi ba. Ashe ban da jerin haɗaka, kowace ƙasa tana da ikon ƙara nata jerin, Faransa kuwa ta sa Filifin a nata. Ma'aikaciyar kantar ba ta yi laifi ba, abin da kwamfutarta ta nuna mata ta bi. Laifina ne. Daga aljihuna na biya kuɗin canjin tikitin, shi kuma ya isa gida bayan an gama bikin. Har yau idan ya kira ni sai ya tsokane ni da sunan Faris.

Da a ce yana da bizar Amurka, ko ta Kanada, ko ta Jafan mai rai a fasfonsa, ko takardar zama a wata ƙasar Shengen, da an ɗauke masa wannan sharaɗin. Don haka kafin ka ce wa mutum e ko a'a, ka karɓi fasfon ka buɗe shafi-shafi. Wani yana da biza a ciki da shi kansa bai san amfaninta ba.

Wani tarkon a Turai: tsayawa biyu a cikin Shengen. Misali a sauka Frankfurt, a wuce Amsterdam, sannan a fita. Jirgin da ke tsakanin waɗannan biyun kamar Kano zuwa Abuja ne a wurinsu, jirgin cikin gida. Kafin ka hau shi sai ka tsallake imigireshan. Nan nau'in A ba ta da amfani, cikakkiyar bizar Shengen ake buƙata, nau'in C.

Ingila kuma abin ya juye. Mu masu koren fasfo, ko a ciki za mu zauna sai da bizar wucewa, sai dai in muna da wata takardar da ta ɗauke mana. Ɗan Filifin da zai zauna a ciki a Heathrow ba ya buƙata. Idan zai tsallake ne yake neman bizar baƙo mai wucewa, wadda ke ba shi awa 48.

Amurka ba ta da zaman ciki kwata-kwata. Tun 2003 suka dakatar da wucewa ba biza. Duk wanda ya sauka sai ya bi imigireshan, ko da jirginsa na gaba bayan awa ɗaya zai tashi zuwa Meziko. Bizar sunanta C-1. Fom ɗin DS-160 ake cikewa, a biya dala 185, wanda shi ne kuɗin da aka sa tun 2023, a nemi ranar intabiyu, a je a tsaya gaban jami'i kamar mai neman zuwa yawon buɗe ido. Ma'aikatan jiragen ruwa na Filifin, waɗanda suna da yawa ƙwarai a duniya, su C-1/D suke karɓa. Wanda yake da bizar ziyara ta B1/B2 mai rai, ita ma ta ishe shi wucewa. Shawarata, idan ba Amurka mutum zai je ba kuma ba shi da bizarta, kauce mata gaba ɗaya ko da tikitin ya fi tsada.

Kanada tana neman bizar wucewa ga wanda zai yi ƙasa da awa 48, amma kyauta ce, ta intanet ake nema. Tun watan Yunin 2023 kuma, ɗan Filifin da ke da bizar Amurka mai rai, ko wanda ya taɓa riƙe bizar Kanada a cikin shekara goma da suka wuce, zai iya neman eTA, izinin shiga da ake samu ta intanet maimakon biza, a kan dalar Kanada 7, idan ta jirgin sama zai shiga. Ostareliya ma tata kyauta ce, lambarta 771, awa 72.

To yaya ake nema? Mu ɗauki ta Faransa tunda ita ta fi cin mutane. A ƙasar da mutum yake zaune bisa ƙa'ida yake nema. Wanda ke aiki a nan ba sai ya koma Manila ba, amma zai nuna katin zamansa na Najeriya, wato CERPAC, kuma kada ya zama ya ƙare. Za a cike fom a shafin biza na gwamnatin Faransa, a ɗauki rana, a je da kai saboda za a ɗauki zanen yatsu. A tafi da fasfo, hoto, takardar bukin da ta nuna tafiyar daga farko har ƙarshe, da wasiƙar wurin aiki da ke cewa hutu zai je zai dawo. Idan ba gida zai je ba, wata ƙasa ta uku ce, to bizar waccan ƙasar ita ake fara samu, domin abin da jami'in ke son gani shi ne akwai inda za a karɓe ka idan ka bar filin jirginsu. Kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne tun Yunin 2024. A ƙa'ida kwana 15 suke ɗauka, yana iya wucewa, kuma ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Mai son tafiyar Disamba ya fara a Oktoba. Kuma kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. A riƙe kujera da bukin kawai.

Akwai wani abu da ba biza ba ne amma yana hana tafiya, kuma a dawowa yake faruwa. Imigireshan na Filifin suna tantance 'yan ƙasarsu a wurin fita, ba shigowa kaɗai ba, saboda yaƙi da safarar mutane. Idan ba su gamsu ba sai su hana mutum hawa jirgi, 'yan Filifin suna kiran abin oflod. Ma'aikacin da zai koma bakin aikinsa sai ya nuna takardar OEC, wato shaidar gwamnatinsu ta san da aikinsa a waje, ko shaidar an ɗauke masa ita. Matar da ta auri baƙo za ta bi mijinta, ana neman takardar CFO, hukumar kula da 'yan Filifin mazauna ƙasashen waje. Wanda ya fita a matsayin mai yawon buɗe ido kuma za su kalli hanyarsa da kyau. Tikitin da ya yi zagaye, ya tsaya nan ya tsaya can, tambayoyi yake ƙara jawowa. Wannan ma wani dalili ne na tikiti ɗaya miƙaƙƙe. A tuna musu da eTravel, rajistar matafiya ta gwamnatin Filifin a intanet, cikin awa 72 kafin tafiya, kyauta ce. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kanta na 'yan damfara ne. Mai tashi daga nan kuma ya riƙe katin rigakafin shawara, wannan ruwan ɗorawar, domin daga ƙasar da ake samun cutar ya fito.

A ina ake dubawa? Ma'aikatan kanta wani kundi suke bi mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama IATA. Abin da ya faɗa shi ne hukunci a wurinsu, domin idan suka ɗauki wanda ba shi da takarda, kamfanin ne za a ci tara kuma ya dawo da shi. Kamfanoni da yawa sun sa wurin dubawa a shafinsu. Ka sa ƙasar fasfo, ƙasar zama, inda za a yada zango da inda za a sauka. Kada ka manta da gurbin yada zangon nan, shi mutane ke tsallakewa. Ka duba ranar da za ka yanka tikiti, ka sake dubawa ana saura mako guda, domin waɗannan jerin ana canza su. Daga nan ka leƙa shafin ofishin jakadancin ƙasar ka tabbatar bakinsu ɗaya.

Alhajin da ya kira ni, ga amsarka. Kano zuwa Doha, Doha zuwa Manila, tikiti ɗaya, ta zauna a ciki. Ka turo mini hoton shafin farko na fasfonta in ga ko ya rage aƙalla wata shida, da katin zamanta, sannan ta fara neman OEC ɗinta tun kafin ta tashi.

Yawwa, ga kiran la'asar can. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.