Iri Mai Gyararren Gado: Wace Doka Ta Dace da Gonakinmu?

Lacca da aka gabatar a birnin Damagaram, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, shugabannin manoma, malaman gona, ɗalibai, da iyayenmu mata da suka taso tun daga Mirya da Magariya da Matamaye, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan dokar da ta kamata ta bi da sabon irin shuka da masana ke gyara wa ƙwayoyin gado, kuma zan fara da raba shi da wanda kuka saba ji a rediyo da sunan OGM, domin yawancin gardamar da ake tafkawa a kan wannan batu daga haɗa biyun nan take tasowa.

Kowace shuka tana ɗauke da rubutun gadonta a cikin ƙwayoyin jikinta, kuma wannan rubutu ne ke sa wani hatsi ya nuna da wuri, wani ya yi doguwar zangarniya, wani ya jure fari. A tsohuwar dabara, wato ta OGM, ana ɗauko gado daga wata halitta daban, galibi wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, a cusa shi cikin auduga ko masara ko wake, kamar malamin da ya zaro warƙa daga wani littafi ya saka ta cikin wani. A sabuwar dabara kuwa, malamin ba ya kawo warƙar kowa. Harafi ɗaya ko biyu yake kankarewa ko ya musanya a cikin littafin da ke hannunsa. Kayan aikin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Kirisfa, wanda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana yadda za a yi amfani da shi a shekarar 2012, aka kuma ba su kyautar Nobel a kansa a 2020. Abin ya riga ya bar ɗakin bincike ya shiga kasuwa, domin a 2019 aka fara sayar da man waken suya na gyararren iri a Amurka, a 2021 kuma aka fara sayar da wani gyararren tumatir a Japan.

Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan hukunci ɗaya ba. Ajantina ce ta fara, a 2015, inda ta ce za ta duba kowane iri shi kaɗai, idan babu baƙon gado a cikinsa sai a bi da shi kamar irin da aka samar ta hanyar barbara. Kotun Tarayyar Turai ta ɗauki akasin haka a watan Yulin 2018, ta ce duk dokar da ta hau kan OGM ta hau kansa, sai dai a 2023 hukumar zartarwar tarayyar ta kawo shawarar sassautawa, Ingila kuma ta yi tata dokar mai sauƙi a wannan shekara. Tushen saɓanin yana cikin Yarjejeniyar Kartahena ta shekarar 2000, wadda Nijar ke cikinta, domin yarjejeniyar ta yi magana ne a kan halittar da aka haɗa wa sabon tsarin gado ta hanyar fasahar zamani, kuma har yau masana shari'a ba su daidaita a kan ko kankare harafi ɗaya ya kai a kira shi sabon tsari ba. Ƙasarmu ta yi dokar kariya daga haɗurran fasahar halittu a 2019, saboda haka wannan tambaya tana jiran waɗanda aka ɗora wa aiwatar da ita.

Amma mu a Damagaram, hukuncin da ya fi shafar mu na Abuja ne. Nijeriya ta kafa hukumar kula da wannan fanni a 2015, ta faɗaɗa dokarta a 2019 don ta haɗa da gyaran gado, sannan a ƙarshen 2020 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta fitar da ƙa'idojinsa, inda ta ce mai iri zai gabatar da kansa gaban hukuma, idan aka tabbatar babu baƙon gado a cikin irin sai a sauƙaƙa masa. Kenya da Malawi sun bi wannan sawu a 2022. To, duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Magariya ko ta Maigatari ranar ci ya san yadda ƙwaya ke ƙetare iyaka: a bayan babur, a amalanke, a ƙullin zanen tsohuwar da ta je biki Daura aka ba ta tiya biyu ta wake mai kyau ta zo ta gwada. A ƙarshen 2019 cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta saki waken SAMPEA 20-T, wanda OGM ne mai kashe tsutsar da ke cin furen wake da kwasfarsa, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa wannan wake ya tsaya cak a Babura bai taka ƙasarmu ba. Shi wannan wake aƙalla ana iya gano shi, domin baƙon gadon da ke jikinsa yana nuna kansa idan aka gwada. Gyararren iri ba haka yake ba. Idan harafi ɗaya aka kankare, na'ura za ta ga canjin in an gaya mata inda za ta duba, amma ba za ta iya shaida ko hannun mutum ne ya yi shi ko canji ne irin wanda ke faruwa da kansa a gona ba. Saboda haka dokar da za ta ce an haramta shigowa da shi kwata-kwata doka ce da jami'in duwan ba shi da hanyar aiwatarwa, kuma doka irin wannan illarta ta fi amfaninta, domin tana sa gwamnati ta yi zaton ta rufe ƙofa alhali irin yana cikin rumbuna ba tare da an san sunansa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin dokarmu ta kamata ta tsaya a kan bayyanawa. Duk cibiya ko kamfanin da zai kawo gyararren iri, a wajabta masa ya faɗi abin da ya taɓa da wurin da ya taɓa, ya ajiye samfur a hannun cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, a rubuta shi cikin kundin iri na ƙasa da alamar da malamin gona zai iya karantawa a jikin buhu. Wanda ya bayyana a sauƙaƙa masa hanya, wanda ya ɓoye a tsananta masa. Kuma kada a karɓi maganar mai iri cewa babu baƙon gado ba tare da an duba ba. Wani kamfani a Amurka ya gyara gadon shanu don a haife su babu ƙaho, ya kuma tabbatar wa duniya cewa babu komai baƙo a jikinsu, sai a 2019 masu binciken hukumar abinci da magunguna ta ƙasar suka tarar da guntun gadon ƙwayar cuta da ya maƙale lokacin aikin. Ba a nuna ya cutar da kowa ba, amma da ba a duba ba da ba a gani ba.

Akwai kuma abin da dokokin waje ba za su koya mana ba, wanda manoman da ke zaune a nan suka fi ni sani. Wake mafi yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka wanda ka shuka shi za ka girbe. Hatsi kuwa iska ce ke ɗaukar bununinsa daga gona zuwa gona, har ma zangarniya tana buɗe ɓangaren macenta kafin nata bununin ya fito, abin da ke sa ta fi karɓar na maƙwabta. Shaidar haka ita ce shibra. Kun san ta: tana fitowa tare da hatsi, ba ka rabe su suna ƙanana sai sun yi kai, sannan ta riga ka, ta kakkaɓe ƙwayarta a ƙasa kafin ka zo da lauje, baɗi ta sake tsirowa. Shibra ƴar barbara ce tsakanin hatsin gida da danginsa na daji, wanda har yau yake fitowa a arewacin ƙasarmu, domin a wannan yanki na Sahel aka fara mayar da hatsi abin nomawa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Ma'anar wannan ita ce duk halin da aka sa wa hatsi zai isa ga irin hatsin gargajiya na maƙwabci, kamar ankutes da zango da ba'angure, zai kuma isa ga shibra. Idan halin na hana gari yin ɗaci ne, ba na ganin abin tsoro. Idan kuwa na jure maganin kashe ciyawa ne, to mun ƙera wa kanmu shibrar da magani ba ya ci. Dokar da ta tambayi hanyar da aka bi kaɗai, ba ta tambayi wane hali ne kuma a jikin wace shuka ba, ta tsallake tambayar da ta fi muhimmanci a ƙasar hatsi.

Kada a fahimce ni a matsayin mai ƙin wannan fasaha. Duk wanda ya ga gonar dawa ta cika da furen ƙuduji ya san asarar da muke magana a kai. Saiwar dawa ce ke fitar da wani sinadari da ke tayar da ƙwayar ƙuduji daga barci, kuma akwai wasu nau'o'in dawa da Allah ya halitta da wani canji da ke rage wannan kira. A Jami'ar Kenyatta ta ƙasar Kenya, Farfesa Steven Runo da abokan aikinsa suna amfani da Kirisfa don sa wannan canji a cikin dawar da manoma suka riga suka saba da ita. Masana na ICRISAT, hukumar duniya mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda ke da cibiya a Sadore kusa da Yamai, sun yi aiki a kan abin da ke sa garin hatsi ya sauya ƙanshi cikin ƴan kwanaki, wato abin da ya ɗaure iyayenmu mata ga surfe da daka kusan kullum. Waɗannan bukatunmu ne, kuma idan muka sa kuɗin neman izini ya kai yadda sai manyan kamfanoni kaɗai ke iya biya, to cibiyoyin gwamnati da jami'o'inmu muka kora, su ne kuwa kaɗai za su damu da hatsi da ƙuduji.

Sai dai sauƙin izini ba ya nufin a tsallake gwajin gona. Burkina Faso ta fara noman audugar OGM a 2008, tsutsa ta ragu kamar yadda aka yi alkawari, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, har ƙasar ta janye daga gare ta a 2016. Matsalar ba ta lafiyar mutane ba ce, ta ingancin amfanin gona ce, kuma irin abin da gwajin damana da yawa a hannun manoma ke tonawa ke nan. Saboda haka a gwada kowane sabon iri a jigawar Tanut da kuma ƙasar Kance, a ba mata su yi tuwo da fura da shi, a ji ta bakin mai dabbobi a kan karansa da harawarsa.

Saura batun mallaka, wanda a ganina ya fi duk sauran haɗari. Kayan aikin Kirisfa kansu suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka na jami'o'i da kamfanonin waje, kuma OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da haƙƙin mallakar fasaha da Nijar ke ciki, ta shiga yarjejeniyar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri ta UPOV a 2014. Mun kuma ga yadda wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman rajistar albasar Galmi da sunansa, sai da manoma da hukumomi suka tashi tsaye. Yanzu ku haɗa wannan da abin da na faɗa a kan bununi. Manomin da bai sayi irin kowa ba, wanda ya zaɓi manyan zangarniyoyi daga gonarsa ya rataye su a rumbu kamar yadda ubansa ya yi, zai iya wayar gari da halin wani kamfani a cikin hatsinsa. Dole doka ta faɗi ƙarara cewa babu wanda zai bi wannan manomi bashi ko ya kai shi kotu, kuma ajiye iri da musanya shi da sayar da shi a tiya a kasuwar Dole haƙƙinsa ne. Haka nan duk wanda ya ɗauki irinmu na gargajiya daga ma'ajiyar Sadore ko daga hannun manomi ya gyara masa harafi ɗaya, a hana shi mallake irin gaba ɗaya, a kuma wajabta masa ya dawo da gyararren ga cibiyoyin ƙasa ba tare da kuɗin lasisi ba.