Amsoshin Tambayoyinku: Carbi Mai Ruwan Hoda

Masu sauraro barkanmu da war haka. Lokaci ya ƙure mana, sai mu shiga wasiƙu.

Wata baiwar Allah daga Zariya tana tambaya ko abin da 'yan kasuwa ke kira pink ivory hauren giwa ne. A'a Hajiya, itace ne, kwantar da hankalinki, ba a kashe giwa ba.

Sai wadda ta fi yawa, daga Maraɗi, Kano, har Kumasi: an sayar musu da carbi mai ruwan hoda, an ce haka launin yake daga Allah, shin gaskiya ne?

Itacen, wato pink ivory ɗin nan, akwai shi. A kudancin Afirka yake fitowa, Zimbabwe, Mozambik da Afirka ta Kudu, ba ya saurin girma, kuma tsakiyarsa ce ke da launin, daga ruwan hoda zuwa ja. Akan ce a da sarakunan Zulu kaɗai ke riƙe shi. To amma ba kowane jan carbi ne shi ba. Na maimaita, ba kowane ba! Ga masassaƙi tare da mu. Baba, yaya za a gane?

"To ɗana, mu da kanya muka tashi, da maɗobiya. Maɗobiyar nan an sare ta an kai Sin, har sai da aka sa mata dokar ciniki ta duniya a 2017. Yanzu ka shiga daji..."

Baba, carbin dai.

"Ai shi nake zuwa. Ɗauki ka ji nauyi, na ƙwarai yana cika hannu. Leƙa ramin zaren: in waje ja ne ciki fari, rini ne. Jiƙa farin ƙyalle ka murza ƙwaya ɗaya, in ya kama launi, mayar wa mai shi."

Kun ji: nauyi, ramin zare, farin ƙyalle. Ni kuma na ƙara da cewa in ƙwayoyin duk launinsu ɗaya sak, kuma ga araha, ku yi hattara.

Wani matashi daga Damagaram ya ce nasa ya fara duhu. Haka itacen yake, haske na sauya shi, daina rataye shi a madubin mota.

Mai tambaya ko carbi mai tsada ya fi lada, haba ɗan'uwa! Wannan ta malamai ce, za mu miƙa musu. Ga labarai nan tafe.