Darasi: Kalma ɗaya, ma'ana uku a wajen tattara buƙatu

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Wancan karon mun tsaya a kan yadda ake gano masu ruwa da tsaki. Yau za mu shiga ainihin zaman da ake yi da su, lokacin da mai nazarin harkar kasuwanci yake sauraron abin da ake so ya mayar da shi rubutu, don masu haɗa manhaja su yi aiki da shi. Ku ɗauko biro, akwai abin rubutawa.

Bari in fara da abin da ya taɓa faruwa da ni. Wani attajirin hatsi, ba zan kama suna ba, ya ce yana son manhajar da za ta riƙa nuna masa kullum da yamma buhu nawa aka sayar. Na rubuta haka nan, na karanta masa, ya ce madalla. Aka yi wata biyu ana aiki. Ranar gwaji manhaja ta ce buhu 12, Alhaji ya ce shi dai ya san ya sayar da 60. Yaron shago kuma ya rantse 35 ne suka fita daga sito.

Babu wanda ya yi ƙarya. A wurin Alhaji, da zarar an daidaita farashi ya ce “na sallama”, kaya sun sayu. A wurin yaron shago, sai 'yan dako sun loda a mota. Mu kuma mun sa manhaja ta ƙirga ne sai kuɗi sun shiga asusu gaba ɗaya. Wanda ya ba da kafin alƙalami fa, ya ce sai Juma'a zai cika? Ko ɗaya daga cikinmu bai yi tunaninsa ba. Laifina ne, domin ni aka biya in yi tambayar.

To ga abin da nake yi tun daga lokacin. Duk kalmar da ta fito sau biyu a bakin mai aiki, wato wanda ya sa a haɗa masa manhajar, sai in ja mata layi. An sayar. Buhu. Bashi. Riba. Musamman waɗanda nake ganin na san su, don su ne masu ka da mutum. Baƙuwar kalma ai dole ka tambaya, amma “buhu” kunya ma za ka ji. To ka ajiye kunyar. Ka ce, “Ranka ya daɗe, buhun nan, mai kilo 50 ne ko mai kilo 100? Da sikeli ake aunawa ko da kwano?” Zai iya yi maka kallon wanda bai san kasuwa ba. Ba komai. Ribar ma ka tambaya: kafin a cire la'adar dillali ne ko bayan an cire?

Kada ku ɗauka matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce. A ranar 23 ga Satumba 1999, hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter yana isa duniyar Mars. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya haɗa tana fitar da ƙarfin tunkuɗar inji da ma'aunin fam, masu lissafin hanya kuma suna karanta alƙaluman a matsayin niyuton, wani ma'aunin ƙarfi na daban. Fam ɗaya na ƙarfi kusan niyuton 4.45 ne. Kuskuren ya yi ta taruwa tsawon watanni tara na tafiya, har kumbon ya kusanci Mars da kusan kilomita 57, ƙasa ƙwarai da yadda aka tsara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da nake so ku lura da shi: takardar ƙa'idar aikin ta faɗi ma'aunin da za a yi amfani da shi. An rubuta, amma ba a gwada alƙaluman ɓangarorin biyu gefe da gefe ba.

Shi ya sa ni ban yarda da sa hannu kawai ba. Mutum mai hidima zai sa hannu a shafi 30 bai karanta ba, in abu ya lalace kuma kai za a nema. Abin da ya fi shi ne misali mai lamba. Ku rubuta wannan tsarin: idan akwai kaza, sai kaza ya faru, to kaza za a gani. Ga nawa. Idan akwai buhun masara 100 a sito, sai aka sallama 20, mai saye ya biya rabin kuɗi bai ɗauki kaya ba, to da yamma allon manhaja zai nuna an sallama 20, an fitar 0, akwai sauran kuɗin buhu 10 a waje. Karanta masa wannan a bayyane, da Hausa, yaron shago yana zaune. In akwai gardama, a nan za ta tashi, kafin a kashe ko sisi.

Wani ya turo tambaya wai in mai aiki ya ce “ina so ta yi sauri” yaya za a yi. Haka dai. Sauri ba buƙata ba ce sai an sa mata lamba. Daƙiƙa nawa, a kan wace irin waya, kuma in intanet ya ɗauke me ake so ta yi?

Aikin gida: ku sami mai shago a unguwarku, ku tambaye shi yaushe yake cewa mutum ya ci bashi, sannan ku tambayi yaronsa shi kaɗai. Ku rubuta amsoshin biyu ku kawo, da su za mu fara darasi na gaba. Sai mun haɗu.