Faretin 'Yan Makaranta na 6 ga Maris a Ghana

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya zauna Ghana ya san da watan Fabrairu ya kama, filin makaranta yakan koma filin atisaye. Ganga na tashi tun da hantsi, yara sun jeru, hagu dama, hagu dama, malami na ta daka tsawa. Shirin 6 ga Maris ake yi, ranar da Gold Coast ta samu 'yancin kai ta zama Ghana a 1957. Ranar kuwa sai a sha yunifom mai guga da farar safa, a wuce gaban manyan gunduma ana sara musu, makarantar da ta fi iya taku ta tafi da kyauta. Yaranmu na Zango, daga unguwar Nima ta Accra har Kumasi, ba a barin su a baya. Wasu kan yanke jiki su faɗi saboda zafin rana, wannan kam masu shiryawa su ji tsoron Allah, yaro ba soja ba ne.

Abin da ke damuna shi ne, makonni ake kwashewa ana koya wa ƙafa, kai kuwa an bar shi haka nan. Alhali tarihin ranar nan da hannun 'yan makaranta a cikinsa dumu-dumu.

Ran 28 ga Fabrairu 1948, 'yan mazan jiya da suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu suka nufi fadar gwamna ta Christiansborg, a unguwar Osu ta Accra, da takardar koke kan haƙƙoƙinsu da aka hana su. Aka tare su a mararraba, wani Baturen ɗan sanda ya buɗe wuta. Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka kwanta dama. Accra ta yamutse. Turawa suka kama jagorori shida, cikinsu har da Kwame Nkrumah da J.B. Danquah. To, ku saurara da kyau: ɗaliban sakandare na Cape Coast suka fito zanga-zanga a sake su, aka kore su daga makarantunsu, har da wasu malamansu. Saboda waɗannan korarru ne Nkrumah ya kafa Ghana National College a shekarar. Tana nan har yau.

Ita ma tutar da yara ke ɗagawa, malamar makaranta ce ta zana ta, Theodosia Okoh. Ja na jinin da aka zubar, ruwan gwal na arzikin ƙasa, kore na daji da gona, sai baƙin tauraro na 'yancin Afirka. Daren da aka fara ɗaga ta, Nkrumah yana sanye da batakari, rigar mutanen arewa, ya ce 'yancin Ghana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya.

Babban faretin ƙasa ma ya canza. A 2019 an kai shi Tamale, daga baya Kumasi, Cape Coast, Ho da Koforidua. A 2025 aka taƙaita shi a fadar shugaban ƙasa ta Jubilee don rage kashe kuɗi. Ke nan nauyin ya ƙara dawowa kanku, malamai.

Roƙona, ran 28 ga Fabrairu a ajiye ganga na awa ɗaya, a zaunar da yara a inuwa, a ba su labarin sojojin nan uku da ɗaliban Cape Coast, sannan a koma atisaye. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa lasifika.