Turken ƙarfen da ya kwantar da ƙanena a Holand

Assalamu alaikum jama'a. Bari in matso da kyamarar ku gani da kyau. Kun ga turken ƙarfen nan mai ja da fari? Tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Shi ya kwantar da ƙanena ranar Asabar, kuma wallahi har yanzu in na tuna ƙarar faɗuwarsa sai gabana ya faɗi.

Nan ba titi ba ne fa. Hanyar cikin lambun shaƙatawa ce a bayan unguwarmu, nan Utrecht, mota ba ta shigowa sam. Don hana motar ma aka kafa turken. Tun da yaron nan ya zo karatu nake ja masa kunne a kan mota da bas, ban taɓa ce masa ya kula da abin da ke tsaye ba.

Muna dawowa ne a kan kekuna bayan magariba, kun san a nan lokacin sanyi ƙarfe biyar duhu ya rufa. Ina gaba, yana manne da bayana. Ni na san wurin, na kauce. Shi kuwa jikina ya kare masa, bai gani ba sai da ya zo gab. Ya matse hannu yana neman birki, babu. Kekunan nan da yawa birkin ƙafa gare su, sai ka juya feda baya su tsaya, shi kuma a kan Phoenix ya koyi keke a gida, birki a hannu. Ni na saya masa wannan mai birkin ƙafar, na gwanjo, Yuro 80, ban zauna na koya masa ba. Abin da ke cina ke nan.

Ya wuntsila ta kan kan keken, ya tare da hannu, nauyin ya sauka a kafaɗa. Da ya miƙe sai na ga ya tallafe gwiwar hannunsa, kafaɗar ta zube ƙasa, ga wani tudu a ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa. Wata tsohuwa mai yawo da kare ta tsaya, tambayarta ta farko: ya bugu a kai? Ya suma? Alhamdulillahi bai bugu ba. Da ya suma, ko yana amai, ko wuyansa na ciwo, ba a ɗaga shi, lambar gaggawa 112 ake kira. Kar ku ce za ku ciccibi mutum irin yadda muka saba, ina roƙonku.

A asibiti aka ɗauki hoto, karaya ce. Ba su sa filasta ba, majanyi kawai suka rataya masa hannun, suka ce kamar mako shida. Da a gida ne da tuni an aika a kira mai ɗori, wani kawu kuma ya ce a'a, a tafi asibitin ƙashi na Dala. Kuma da gidan ya cika da 'yan dubiya, mai kunu, mai lemo, mai addu'a. A nan daga ni sai shi, sai Hajiya a waya tana kuka.

Maganar kuɗi, ni inshorata sai na biya Yuro 385 na farko daga aljihuna a shekara kafin su karɓa, don haka kowa ya duba takardarsa tun lafiya lau.

Abin da ke ba ni haushi, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, da wuya ka ga mai hular kwano, doka ba ta tilasta ba. Su tun suna shekara uku suke bisa keke, mu da girmanmu muka shigo cikinsu. Jiya na saya mana hular kwano biyu, Yuro 35 kowace, duk mai kallo ya kalla. An ce wasu garuruwan sun fara tumɓuke irin turakun nan saboda yawan raunata mutane, amma wannan ga shi nan daram.

In kana gaba ka ga turke, ɗaga murya ka faɗa wa na baya. In kai ne a baya, bar tazara. Sabon keke kuma, gwada birkinsa a fili kafin ka hau hanya.

Bari in wuce shagon Turkawa kafin su rufe, farfesun ƙafar saniya na yi masa alkawari.