Jawabin Sakatare: maganar ɗan'uwanmu da aka dakatar daga aiki

Baba Shugaba, a bar ni in ajiye rahoton wata tukuna. Abin da ya hana ni barci tun Laraba shi ne maganar ɗan'uwanmu, ba sai na kira suna ba. An dakatar da shi daga gidan kula da tsofaffi inda yake aiki a nan Birtaniya, saboda wani rubutu da ya tura a Facebook kan masu neman jinsi ɗaya. Na je gidansa ranar Juma'a. Wasiƙar tana kan teburi, matarsa ta zuba mana kunun gyaɗa, har na tashi ba wanda ya taɓa kofinsa. Bizarsa a ɗaure take da aikin nan. In aka sallame shi, kwana 60 aka saba ba mutum ya nemo wani mai ɗaukar nauyinsa, in bai samu ba ya kwashi yara uku ya koma.

Na karanta rubutun. Akwai aya a sama, amma a ƙasa zagi ne tsagwaronsa, irin wanda ba zan iya maimaitawa a gaban iyayenmu mata ba. Ba shi ya rubuta ba, turowa aka yi, ya tura. Sau nawa muka faɗa a wurin nan? Sau nawa?

'Yan'uwa, dokar daidaito ta 2010 ta ƙasar nan ta kare bangaskiyarka, ta kuma kare abokin aikinka ɗan luwaɗi, duka a takarda ɗaya. Kristie Higgs, wadda makaranta ta kora a 2019 kan abin da ta sa a Facebook, ta yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a Fabrairun 2025. Amma ku ƙirga, shekara shida! Wa ke da shekara shida a cikinmu, da biza irin tamu? Lillian Ladele kuwa, mai rajistar aure a Islington, cikin Landan, da ta ƙi yi wa 'yan jinsi ɗaya rajistar zaman tare, har kotun Turai ta je, ta faɗi a 2013. Faɗin abin da ka gaskata daban, ƙin yin aikin da aka ɗauke ka daban, zagi kuma ba kotun da za ta wanke shi.

Samarinmu suna ta kawo mini misalin Marc Guehi. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ranar da yaron nan, yana kyaftin ɗin Crystal Palace a ƙarshen 2024, ya rubuta cewa yana ƙaunar Yesu a kan ƙyallen bakan gizo, alamar goyon bayan masu neman jinsi ɗaya, da aka ba kyaftin-kyaftin su ɗaura. Hukumar ƙwallo ta tunatar da shi doka, wasa na gaba ya sake rubuta cewa Yesu yana ƙaunarka. Sam Morsy, kyaftin ɗin Ipswich a lokacin, Musulmi, shi ƙin ɗaurawa ya yi. Ku duba da kyau, a cikinsu wa ya zagi wani? Kuma Guehi yana da lauyoyi. Namu ɗan'uwan ko ƙungiyar ƙwadago bai shiga ba.

Ni abin da aka koya mini a makarantar Lahadi a Kafanchan, aure tsakanin namiji ne da mace, a kai nake har gobe. Amma nan ba gida ba ne. Ikilisiyar Methodist ta nan ta amince da auren jinsi tun 2021, Anglika ta Ingila ta yarda da addu'ar sa albarka a 2023, ta Nijeriya ta ce ba da ita ba. Manajan da zai yanke wa ɗan'uwanmu hukunci wataƙila shi ma Kirista ne. Matar da ta kai ƙararsa kuma, ita ce take riƙe masa aikin dare duk Lahadi don ya zo sujada. Shi da bakinsa ya gaya mini, yana hawaye. Ta yi kuka da ta ga rubutun, saboda ɗanta. Yaya za mu yi mata wa'azin ƙauna yanzu?

Rahoto a taƙaice: an biya kuɗin zaure, bikin Kirsimeti yana nan, zumuntar mata ta kawo lissafinta. Amma kuɗin wata, fiye da rabinmu ba su biya ba tun bazara, asusu ba zai iya biyan lauya ko na awa biyu ba. Don girman Allah, kowa ya ga Ma'aji kafin ya ɗauki rigar sanyinsa.

Ranar Alhamis za a zauna da ɗan'uwanmu a wurin aikinsa don sauraron maganar. Doka ta ce abokin aiki ko wakilin ƙwadago ne kaɗai zai shiga da shi, mu sai dai mu jira a mota. Ni zan je. Ina neman mutum biyu, da wata uwa da za ta zauna da matarsa a gida.